Lambar Kara a Shagon Kafinta

Ƙyauren ya iso shagon ƙanena da hantsi, a bayan wata 'yar mota, an naɗe shi da tsohon bargo kamar majinyaci. Mai shi tana zaune kusa da direba, wata Malama ce da ta ajiye aikin koyarwa, doguwa, mai tabarau. Ba ta yarda direban ya sauke shi shi kaɗai ba, sai da ta kama gefe ɗaya.

"A hankali, ɗan nan," in ji ta. "Ya girme ka, ya girmi ubanka."

Ƙyauren ɗakin mahaifiyarta ne. Titi ya bi ta kan gidan, aka rushe, shi kaɗai ta tsira da shi. So take a mayar da shi teburin da jikokinta za su riƙa cin abinci a kai, a sassaƙa masa reshe mai ganye ya zagaye bakinsa.

Ƙanena, wanda kowa ke kira Kafinta, ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya kara kunne.

"Malama, irin wannan itace ba a samunsa yanzu. In ya ɓaci ba ni da na biyunsa."

"Ni ma ba ni da uwa ta biyu," ta ce. Ta koma mota.

Ni aikina a shagon shi ne wasa zarto. Kujerata tana bakin ƙofa, magagarina yana kan cinya, saboda haka duk abin da ke faruwa ciki a kan idona yake faruwa. Shagon dogo ne, mai taga ɗaya. Daga can ƙurya akwai injin sassaƙa, wani faffaɗan gado na ƙarfe da ake kwantar da katako a kai, haƙorinsa yana juyawa yana bin zane. Kusa da taga akwai teburin Mai Zane, mijin autar Kafinta, wanda ke zana duk abin da za a sassaƙa. Kowannensu da allonsa a gabansa, amma kwamfutar guda ce, tsohuwa, tana ƙarƙashin tebur cikin akwatin da aka yi mata don garin katako. Ita ke haɗa zanen Mai Zane, ita ke gaya wa injin Kafinta inda zai sa haƙori.

Auta ce ta haɗa musu ita. Aikinta ke nan a ma'aikatar da take, kula da kwamfutoci. Ranar da ta gama haɗawa ta tara mu ta yi mana karatu.

"Baba, kwamfutar nan kai ɗaya gare ta. Kamar famfo ɗaya ne a gidan haya. Kowa ya kawo bokitinsa, sai ta zuba wa wannan kaɗan, ta zuba wa wancan kaɗan, da sauri ƙwarai, har ka zaci tare suke cika."

"To in wani ya fi wani ƙishi fa?" in ji Kafinta.

Ta nuna masa wani ɗan gurbi a gefen allo mai lamba a ciki. Ta ce sunanta lambar kara. Duk aikin da lambarsa ta fi girma, shi ya fi kara, shi ke ja da baya ya bar wa wasu famfo. Ta sa su duka a sifili, wato tsakiya, ba gaba ba baya.

"Kowa yana iya ƙara tasa," ta ce, "amma ba ya iya rage ta, kuma ba ya iya taɓa ta wani. Ja da baya kyauta ne. Matsowa gaba sai mai mabuɗi."

Na ce, "Wane ne mai mabuɗin?"

"Ni ce, Baffa."

"Duniya ta zo ƙarshe. Gida da manya, mabuɗi a hannun auta."

Ta yi dariya ta ce in na iya haddace kalmar sirrin ta ba ni. Na ce ta riƙe kayanta.

Yanzu sai a san halin mutanen nan biyu. Tunda Mai Zane ya auri Auta ya shigo shagon, ban taɓa jin shi da surukinsa sun yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce ta yi musu katutu. In Kafinta yana son a gyara zane, ni zai gaya wa, ga Mai Zane zaune yana ji. In Mai Zane yana son a kashe inji ya amsa waya, gara ya fita titi ya toshe kunne ɗaya. Fanka guda ce a shagon, kowa yana juya ta wajen ɗan'uwansa, har ta koma tana hura bango. Na sha gaya musu barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kafinta ya ce, "Haka ne, Yaya." Mai Zane ya ce, "Gaskiya ne, Baffa." Washegari fanka tana kallon bango.

Wata rana Mai Zane yana haɗa wani zane mai nauyi, injin ya ɗan rage gudu. Kafinta gyaran murya kawai ya yi, wataƙila ma ƙura ce. Sai na ga Mai Zane ya sunkuyar da kai ya taɓa ɗan gurbin nan. Injin ya koma gudunsa.

Bayan kwana kaɗan Kafinta ya lura surukinsa ya yi tagumi gaban allo yana jiran zane ya fito. Da Mai Zane ya fita cin abinci, ya zo wurina yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, yaron nan jirana yake yi."

"To sai me? Yaro ya jira babba, yau aka fara?"

"Mijin 'yata ne. A ce a shagona na danne shi?"

Ya ɗauko tabarau, ya tsaya gaban nasa allon, ya daɗe yana nema da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba, har ya samu gurbin. Ya ƙara tasa lambar ta wuce ta Mai Zane. Da yamma Mai Zane ya ga zanensa na fitowa da wuri, ya saci kallon surukinsa, ya gane. Ya ƙara tasa.

Haka suka yi ta yi, ba wanda ya ce wa wani uffan. Wannan ya ja da baya, wancan ya ja fiye da shi, har ranar da kowannensu ya danna lambar ta ƙi motsi, ta kai goma sha tara, ƙarshen layi ke nan. Da yake sun sake zama daidai, sai famfo ya koma raba musu ruwa kamar da. Aiki ya tafi lafiya. Kowa ya ɗauka shi ya yi nasara a kara, hankalinsa ya kwanta. Ni ma na manta da zancen. Bango ya tsage, ƙadangare ne kawai bai zo ba tukuna.

Ranar da za a sassaƙa ƙyauren, Auta ta biyo da safe kafin ta wuce aiki, ta kawo wa mijinta wayar da ya manta a gida. Ta zauna gaban allonsa ɗan lokaci. Ta ce akwai hotunan duk ayyukan da shagon ya taɓa yi, tun na gadaje da kujerun da, sun cika kwamfutar, za ta sa ta rage musu nauyi ta jera su. Ta ce aikin zai yini yana tafiya shi kaɗai, kada kowa ya damu da shi. Ta gaishe mu ta tafi.

Kafinta ya kwantar da ƙyauren a gadon inji da kansa. Ya bi shi da hannu yana neman tsohuwar ƙusa, ya zare guda biyu da suka ɓuya a gefe. Ya ɗaure kusurwa huɗu, ya girgiza ya ji ba motsi. Ya sa sabon haƙori. Mai Zane ya turo zanen daga teburinsa, ya ɗaga kai ya dube ni, ni kuma na ce wa Kafinta, "Wai an turo." Ya yi bisimilla ya tayar da inji.

Da farko lafiya lau. Haƙorin ya shiga, garin katako ja-ja-ja yana tashi, wani ƙamshi na tsohon ɗaki ya cika shagon. Ganye na fari ya fito, na biyu ya fito. A na uku sai na ji muryar injin ta sauya. Wanda ya shekara yana wasa zarto da kunne yake aiki. Injin ya tafi, ya tsaya, ya tafi, ya tsaya, kamar mai ɗingishi, haƙori kuwa bai daina juyawa ba. Ƙarfe in yana juyawa wuri ɗaya a cikin itace, kowa ya san abin da ke biyo baya.

Na ce, "Ina jin ƙauri."

Kafinta yana tsaye can wajen matattarar ƙura yana kwance buhu, bayansa ga inji. Mai Zane ya fi kusa. Ya miƙe, hannunsa ya kai rabin hanya zuwa jan maɓallin da ke tsayar da inji, sai ya tsaya yana kallon bayan surukinsa. Injin Baba ne, bai taɓa sa masa hannu ba.

"Danna mana!" na daka masa tsawa. "Sai ka nemi izini wurin hayaƙi?"

Ya danna. Haƙorin ya daina juyawa, yana nan tsaye cikin katako. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga gindinsa ya ɓace.

Muka taru a kai mu uku. Kafinta ya hure garin. A gindin ganye na uku, baƙi ya zagaye haƙorin.

"Subhanallahi," ya ce.

Mai Zane ya koma allonsa da sauri. Ya duba, ya sake dubawa, ya share gumi.

"Baffa, hotunan nan ne. Su suka tare famfon."

"Hotuna sun fi ƙyauren Malama ne?"

"A'a. Su suna tsakiya, inda aka saba sa komai. Aikin Baba ne yake can baya." Ya sake duban allon. "Da nawa."

"Wa ya kai su bayan?"

Kafinta yana duban rufi, Mai Zane yana duban takalminsa. Ruwa ba ya tsami banza, nan take na tuna tabarau da yatsa ɗaya.

Na ce, "To ku dawo da su."

Mai Zane ya gwada rage tasa, kwamfuta ta ƙi. Kafinta ya sa tabarau ya gwada tasa, ta ƙi. Mai Zane ya gwada tsayar da aikin hotuna, ta ce ba nasa ba ne. Na ce a zare wayar wuta daga bango a sake kunnawa, haka nake yi wa rediyona in ya yi gardama.

"Kada, Baffa!" Mai Zane ya tare soket da jikinsa. "In ta mutu, injin zai manta inda haƙori yake. In muka sake farawa ya kauce ko da kaurin farce ne, duk ganyen zai fito biyu-biyu."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Kafinta. Ni ya gaya wa, amma dai ya faɗa.

Sai muka kira Auta. Ta ce tana tsakiyar aiki, sai an tashi, kada kowa ya taɓa komai. Muka zauna. Kafinta ya jawo benci kusa da inji ya zauna yana kallon tabon kamar zai goge da kallo. Mai Zane ya ɗauki tsintsiya ya share inda ba datti. Ni na koma kan zartona, amma ban bar su ba.

"Kun ga garin gyaran gira. Kai ka ja, kai ka ja, kuka bar tsakar gida ba kowa, hotunan kujeru suka zo suka shimfiɗa tabarma. Da ɗayanku ya buɗe baki ya ce, wane, aikina na sauri ne yau, ɗan dakata mini, da wa zai mutu?"

"Haka ne, Yaya."

"Kada ka ce mini haka ne. Na gaji da haka ne."

Bayan la'asar Auta ta shigo da jakarta a kafaɗa. Ta fara duba ƙyauren kafin ta duba allo. Da ta ga lambobin sai ta dafe baki.

"Goma sha tara? Ku duka biyun? Tun yaushe?"

"Tambayi ubanki da mijinki," na ce. "Gasar kara suke yi, an tashi kunnen doki."

Ta so ta yi dariya, ta kalli tabon, dariyar ta koma. "Da laifina a ciki. Hotuna ba sa sauri, su ya kamata in kai baya tun da safe. Na ɗauka kowa na inda na bar shi, ban duba ba."

Ta shigar da kalmar sirrinta. Ta tura hotuna can ƙarshen layi, ta dawo da zanen mijinta tsakiya. Da ta zo kan aikin inji sai ta dakata, ta juyo.

"Baba, akwai wani layi dabam, na waɗanda ba sa jira sam. Duk wanda ke cikinsa, da ya miƙo bokiti kowa zai kauce, ko wane ne. Ban sa kowa a ciki ba tun farko don yana da haɗari. In aiki mai haɗama ya shiga, sai ya riƙe famfon, ko allo ba zai motsa ba. Amma ɗan aikin da ke gaya wa haƙori inda zai bi, kurɓa kaɗan yake yi ya koma. Shi nake so in sa."

Kafinta ya gyara zama. "A'a, Auta. Kada a ce aikina ya hau kan na..." Ya nuna teburin taga da haɓa.

"Baba ya fi cancanta," in ji Mai Zane yana kallon ƙasa. "Ni ko a ƙarshe aka bar ni..."

Na buga magagari a ƙafar kujera.

"Ku saurara. Wannan layi ba na Kafinta ba ne, ba na Mai Zane ba ne. Na ƙarfen da ke cikin itace ne. Mai zane in ya jira, zanensa ba ya ƙonewa. Ranar da alƙalaminka ya fara hayaƙi, kai ma a sa ka gaba. Auta, sa shi."

Ta sa. Sannan ta ce ita ba ta da yadda za ta hana su sake ja da baya, kwamfutar ba ta hana kowa kara. Na ce wannan ba aikin kwamfuta ba ne, aikina ne, kuma kujerata tana bakin ƙofa.

Kafinta ya ɗaga haƙorin kaɗan, ya tayar da shi a iska, ya sauke a hankali. Ya faɗa daidai cikin sawunsa. Injin ya ɗauki muryarsa ta da, bai sake ɗingishi ba, reshe ya zagaye ƙyauren ya dawo inda ya faro kafin rana ta faɗi.

Saura tabon. Washegari Kafinta ya bi shi da ƙaramin cizal, ya zurfafa gindin ganyen iya yadda itacen zai ɗauka, ya bi da samfefa. Baƙin ya tafi, amma ƙunar ta shiga ciki, ta bar inuwa mai launin ƙasa. Mai Zane ya zo ya tsaya kusa, ya daɗe, sannan ya yi magana, kuma ba ni ya kalla ba.

"Baba, in na ƙara ganye ɗaya a nan, inji zai cinye wurin."

"Na yi tunaninsa," in ji Kafinta. "Taɓa ƙasan ka ji. Nan ne ramin tsohon makulli, itacen ba kauri. Zai huda."

Mai Zane ya sa hannu ya taɓa. "Haka ne. To fenti mai duhu fa?"

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a kira mai kaya.

Malama ta zo da rana tsaka. An jingina ƙyauren kusa da taga inda haske ke faɗa masa. Ta bi reshen da yatsa tun daga kusurwa, ganye bayan ganye, bakinta yana motsi. Ba wanda ya nuna mata. Da ta iso ganye na uku yatsan ya tsaya. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Wannan wuta ce."

"Wuta ce, Malama," in ji Kafinta.

"Wa ya yi?"

"Ni ne," in ji Kafinta da Mai Zane, baki ya haɗu.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta saman tabarau, irin kallon da ta saba yi wa 'yan aji. "A makaranta in na tambaya, kowa ɗan'uwansa yake nunawa. Nan kuma rububi ake yi." Ba ta yi murmushi ba. "Na gaya muku ba ni da na biyu."

"Kin faɗa," in ji Kafinta. "Ba mu da ta cewa. In kina so a shafa masa mai duhu, ba wanda zai gani. Amma ba ma yi a bayan idonki ba."

Ta sake matsawa kusa da ƙyauren. Ta ɗora babban yatsanta a kan tabon, ya rufe shi ruf. Ta ɗaga, ta sake ɗorawa.

"Kada ku shafa masa komai mai duhu. Launinsa nake so, yadda na san shi." Ta ja numfashi. "Wannan gefen nawa ne. A nan zan riƙa zama, yara su ɗauki sauran. Ku yi masa ƙafafu, amma kada ya sake hawa gadon ƙarfen can."

"Da hannu zan yi su," in ji Kafinta.

"Kuma kujerata doguwa ce, gwiwata ba ta son gajeren tebur."

Kafinta ya zaro tef daga aljihu ya miƙa wa surukinsa.

"Malam, bi Malama gida ka auno mana kujerar. Ka auna har da hannunta."

"To, Baba."

Mai Zane ya karɓa, ya riga Malama fita ya buɗe mata ƙofar mota.